Tambaya da Amsa: Yadda Za a Mayar da Samfurin Spitfire Jirgin Leƙen Asiri

Tambaya: Malam, na sayi kwalin ƙaramin samfurin jirgin yaƙi na roba, ƙirar Spitfire Mk IX a ma'aunin 1/48 (wato kashi ɗaya cikin 48 na girman jirgin gaske), kuma ina so in mayar da shi jirgin leƙen asiri irin na Yaƙin Duniya na Biyu. Shin idan na shafa masa shuɗin fenti ya wadatar?

Amsa: Malam, fenti kaɗai ba zai wadatar ba, domin rundunar sojin saman Birtaniya ta yi amfani da Spitfire iri-iri wajen ɗaukar hoto, kuma cikin biyu da suka yi kusa da ƙirar Mk IX sai ka zaɓi ɗaya kafin ka buɗe gam.

Na farko shi ne PR Mk XI, wanda ke tashi can ƙololuwar sama ba tare da bindiga ko ɗaya ba. An cire makaman ne aka mayar da gaban fukafukan tankin mai domin jirgin ya yi nisa, aka ƙara girman tankin man injin har ƙarƙashin hancinsa ya kumbura, sannan aka sa masa gilashin gaba lanƙwasasshe maras sulke. Kyamarorinsa suna bayan matuƙi suna kallon ƙasa ta wasu tagogi zagayayyu. Shi ne mai shuɗin fentin da kake nufi, kuma irinsa ne suka riƙa tashi daga sansanin Benson da ke Ingila, ana kai hotunansu cibiyar Medmenham, ita ma a Ingila, domin nazari. Idan shi kake so, dole ka yanke bakunan bindigogi, ka goge kumburin da ke saman fukafukan, ka cike layukan murafun bindigogin, ka sake ƙirar hancin. Aiki ne babba, kuma ban ba ka shawarar ka fara da shi ba.

Na biyu shi ne FR Mk IX, kuma a ganina shi ya dace da kwalin da ke hannunka. Wannan bai rabu da bindigoginsa ba, saboda yana shawagi ƙasa ƙasa inda haɗari ya fi yawa, kuma kyamara ɗaya ce ƙirar F.24 aka ɗaura masa a bayan matuƙi tana kallon gefen hagu. Abin da za ka yi shi ne ka huda tagar tun kafin ka haɗa ɓangarori biyu na jikin jirgin, ka shafe cikin da baƙin fenti, ka manna 'yar roba mai kama da gilashi daga ciki. A nan ka kiyayi gam mai saurin kamawa, domin tururinsa yana sa robar ta yi hazo fari mai wuyar gogewa. Farin gam na katako ya fi, tunda idan ya bushe yana zama garau.

Batun launi shi ne inda na fi so ka natsu. Wasu daga cikin waɗannan jiragen an yi musu fenti ruwan hoda a 1944, domin su saje da ƙasan gajimare da asuba ko da almuru. Launin kuwa mai haske ne ƙwarai, ya kusa zama fari, saboda haka ka fara da farin fenti ka riƙa ɗiga ja kaɗan kaɗan, kana gwadawa a kan ragowar roba har ya bushe kafin ka yanke hukunci. A kan samfurin da faɗin fukafukansa ya kai kimanin santimita 23 kacal, launi mai ƙarfi yana ƙara tsananta a ido. Ka shafa shi siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya.

Kafin ka manna tambura, ka bi jikin da fenti mai sheƙi maras launi, don kada iska ta maƙale a ƙarƙashinsu su yi fari. Tagar kyamarar kuma ka rufe ta da ɗan salatif, kada ka ɓare sai shafin ƙarshe ya bushe.