Ƙafa ke ciwo, likita na zancen suga

Tambaya: Salam Likita, Innarmu ce kullum da daddare tafin ƙafarta na zafi kamar an zuba barkono, ga kiyashi na yawo a ciki. Ita dai ta ce sanyi ne, mun kai ta asibiti wai sai a gwada suga. Daga Gwaram, Jigawa.

Amsa: Allah ya ba Inna lafiya 'yar'uwa. Ita zafin take ji, shi kuwa likita jijiya yake hange, don suga in ya daɗe yana hawa yakan lalata jijiyoyin ƙafa, daga yatsu yake farawa kuma ya fi damun mutum da dare. Ku yi gwajin da safe kafin ta karya. Kar ta ƙara fita gona ba takalmi, sai ƙaya ta soke ta ba ta ma ji ba.