Tambayi Likita: Gwajin Jini da Hawan Jinin Huhu

Tambaya: Likita, an ce mahaifina yana da hawan jinin huhu, amma na'urar awon jini ta gida kullum lafiya take nunawa. (Daga Gusau)

Amsa: Na'urar damtse ba ta auna shi, Malam. Matsin yana cikin jijiyar da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu. Hoton zuciya ne ke nuna alama, a tabbatar da siririn bututu da ake zurawa har cikin zuciyar. Kada ku fasa kai Baba asibiti.

Tambaya: Sai an hana ciki abinci kafin gwajin NT-proBNP?

Amsa: A'a, a ci abinci a je. Gwajin jini ne da ke nuna irin wahalar da zuciya ke sha.

Tambaya: 'Yata mai sikila tana haki ko tsakar gida ta share. Gwajin NT-proBNP ya nuna 900. Maƙwabcinmu ya ce mu saya mata maganin ƙarfin maza a kemis, wai yana buɗe jijiyar huhu. (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki ba ta. Bari mu fara da lambar. Idan ɓangaren dama na zuciya yana tura jini da kyar, naman zuciyar yakan saki wani sinadari cikin jini, shi ake aunawa. Yawansa na nuna irin wahalar da zuciya ke sha. A ƙa'idar likitocin zuciya da huhu na Turai ta 2022, ƙasa da 300 haɗari kaɗan ne, sama da 1,100 haɗari mai yawa. Amma masu sikila tun daga 160 muke sa musu ido. Saboda haka 900 ba abin jira ba ne.

Sai dai lambar ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Ciwon ƙoda yakan ɗaga ta, ƙiba takan sauke ta, ciwon ɓangaren hagu na zuciya ma yakan ɗaga ta. Shi ya sa muke haɗa ta da hoton zuciya, da gwajin ƙoda, da nisan da yarinya za ta iya takawa cikin minti 6. Sannan a maimaita bayan an fara magani: idan ta sauka, zuciya ta samu sauƙi, idan tana hawa, a sake lale.

Maganar maƙwabcinku kuwa, gaskiya ne ana ba wasu masu hawan jinin huhu sildenafil, wato maganin ƙarfin mazan nan, bisa awon likita. Amma an gwada shi kan masu sikila a Amurka, aka dakatar da binciken a 2009 saboda ciwon ƙashi ya riƙa tasar musu har ana kwantar da su. Yarinyar da ke fama da haki, a ƙara mata wannan azaba? Abin yana ƙona mini rai yadda kowa ya zama likita a unguwa. Ki kai ta wurin likitan sikila da na zuciya cikin makon nan. In ta suma, ko ƙirji ya riƙe, ko leɓe ya sauya launi, a tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

Tambaya: Ƙafafun matata sun kumbura, wanzami ya ce a yi tsaga a fitar da mugun jini. (Daga Maraɗi)

Amsa: Haba Malam! Ruwa ne ya taru, mai yiwuwa saboda zuciya ta gaza, aska ba ta fitar da shi, sai dai ta bar gyambo. A rage gishiri, a ajiye kanwa, a kai ta asibiti gobe. Idan hawan jinin huhu ne, ku tattauna da likita kafin ta ɗauki ciki, domin juna biyu da wannan cuta na iya cin rai.