Shin Karya Farashi Ne Mafita Idan Mai Babban Jari Ya Shigo?

Tambaya: Malam, ina da ƙaramar sana'ar saye da sayarwa, sai ga wani mai jari mai kauri ya fara sayar da irin kayana ƙasa da farashina. Shin ni ma in rage ne don kada abokan cinikina su watse?

Amsa: Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar karya farashi, domin a wannan fage mai babban jari ne ke da rinjaye: yana sarin kaya da yawa a kan rahusa, kuma zai iya jure ƙaramar riba har tsawon watanni, abin da jarinka ba zai ɗauka ba. Ka duba lissafin da kanka. Idan a cikin kowace 100 da ka sayar ribarka 20 ce, rage kashi 10 cikin 100 na farashi zai mayar da ribar 10, ke nan sai ka ninka cinikinka kafin ka sami abin da kake samu a da, alhali haya da albashi ba su ragu ba.

Tun a 1980 masanin kasuwanci na Jami'ar Harvard, Michael Porter, ya bayyana cewa ana yin fice a gasa ta hanyar arhar kaya, ko bambanta da sauran, ko kuma mai da hankali kan wani rukunin masu saye. A ganina hanya ta uku ce ta fi dacewa da kai. Ka buɗe littafin cinikinka, wanda ya wajaba a ce kana rubuta shi kullum, ka gano kayan da suka fi kawo riba da mutanen da suka fi dawowa, sannan ka yi musu abin da ke yi wa babban kamfani wuya, kamar kai kaya da wuri, sayarwa a ƙananan ma'auni, da karɓar koke nan take daga bakin mai shi.

Kayan da suka kwanta kuwa, su ne kaɗai nake ganin ya dace ka yi wa rangwame, domin kuɗin da ke ɗaure a cikinsu ya koma cikin masu tafiya. Haka nan ka sa wa bashin da kake bayarwa iyaka da wa'adi, ka kuma raba kuɗin sana'a da na cefanen gida, domin sai da haka za ka san ainihin ribarka kafin ka taɓa farashin kowane kaya.