Tambaya da Amsa: Ta yaya tashar ƙananan jiragen ruwa take kashe igiyar teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga labarin masu wasan hawan igiyar ruwa suna zanga-zanga don a hana gina tashar ajiye ƙananan jiragen shaƙatawa a garinsu, wai za ta kashe musu igiya. Abin ya ɗaure mini kai. Teku da faɗinsa, igiya kuma daga nesa take tahowa, ina tasha ɗaya za ta iya hana ta? Da gaskiyarsu, ko neman rigima ne kawai? Daga mai karatu a Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam. Da gaskiyarsu, Malam, sai dai ba zuwan igiya ake hanawa ba. Yadda take karyewa ne yake lalacewa.

Mai hawan igiya ba kowace igiya yake so ba. Yana neman wadda za ta fara karyewa daga gefe ɗaya, karyewar ta riƙa bin jikinta sannu a hankali zuwa ɗaya gefen, shi kuma yana gaban kumfar a kan allonsa. Abin da yake tsara wannan kuwa yana can ƙasan ruwa: tudun yashi ko shimfiɗar dutse, da zurfinsa, da yadda ya karkata.

Ga lissafin. Igiyar da ke da tazarar daƙiƙa 12 tsakaninta da mai bi mata tana kai tsawon kusan mita 225 a ruwa mai zurfi. Tana fara jin ƙasa ne idan zurfi ya ragu zuwa rabin wannan tsawo. Daga nan gudunta ya ragu, ta lanƙwasa ta bi siffar ƙasan, ta tashi tsaye, har ta karye a inda tsayinta ya kai kamar kashi 8 cikin 10 na zurfin ruwan. Wato igiya mai tsayin mita 2 tana karyewa a zurfin kusan mita 2 da rabi. Ka ga ke nan idan tudun yashi ya zaizaye da rabin mita kacal, wurin karyewa ya gusa. Sai kuma kusurwar da ke tsakanin bayan igiya da layin da kumfa take bi. Ana jin daɗin hawa idan tana tsakanin digiri 30 zuwa 70. Idan ta yi ƙasa da haka sosai, igiyar gaba ɗayanta za ta rufto lokaci guda, kuma duk ƙwarewar mutum ba zai tsere mata ba.

Ɓarnar da kowa ke gani da ido ita ce ta katangar duwatsu da ake shatawa cikin teku don jirage su samu kwantaccen ruwa. Aikinta ke nan, ta tare igiya. A Dana Point da ke Kalifoniya ta Amurka an soma gina wata katanga irin wannan a 1966, kuma shahararriyar igiyar wurin ba ta sake dawowa ba. Ko da katangar tana gefe, idan fuskarta a miƙe take sai ta riƙa mayar da igiya baya, mai komawa ta yi karo da mai zuwa, ruwan ya hargitse.

Amma abin da ya fi tayar wa masana hankali shi ne yasa, wato kwashe yashi daga ƙasan ruwa don a ƙara zurfi, domin ba a ganinta daga bakin gaɓa. Wasu daga cikin igiyoyi masu kyau suna bakin kogi ne, inda ruwan da ke fita lokacin janyewar teku yake tara yashi ya gina tudu a karkace. Nan ɗin dai masu jirage suke son hanya mai zurfi. A Mundaka, yankin Basque na ƙasar Sifaniya, an kwashe yashi kimanin kubik mita 243,000 daga bakin kogin Oka a 2003 don a fitar da jirgin da aka ƙera a can ciki. Idan tifa ɗaya tana ɗaukar kubik mita 10, lodi sama da 24,000 ke nan. Hanyar ruwan ta sauya, tudun ya rushe, igiyar da ake lissafa ta cikin mafi kyau a Turai ta ɓace, har aka soke gasar duniya da aka shirya yi a wurin a 2005. Daga baya yashi ya sake taruwa, igiyar ta farfaɗo.

Mundaka ta yi sa'a, don ba kullum ake yashe ta ba. Tashar jirage kuwa yasarta ba ta ƙarewa. Ramin da aka haƙa tarkon yashi ne: ya cika, a kwashe, ya sake cika. Kowane lodi da aka ɗauka aka zubar a wani wuri, abincin tudun ne aka rage. Ramin kuma yana karkatar da igiya tun kafin ta iso, tunda ɓangaren da ya bi ta zurfi yana riga na kan tudu gudu. Wannan shi ne tushen rigimar Whangamata a ƙasar New Zealand. A 2006 ministan kula da muhalli da namun daji, Chris Carter, ya hana izinin ginin tasha a garin, kotu ta soke hukuncinsa, aka buɗe tashar a 2009. Masu hawan igiya sun ci gaba da cewa yasar hanyar jirage tana sauya musu tudu, masu tasha suna cewa tudun yashi dama sauyawa yake da kansa bayan kowace guguwa. Maganar kowannensu tana iya zama gaskiya, kuma nan gizo ke saƙar.

Akwai kuma yashin da ke tafiya a tsawon gaɓa, wanda kai da ke Legas shaida ne a kansa. A gaɓarmu yashi daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Katangun bakin tashar Legas, da aka fara ginawa a 1908, sun datse masa hanya: ya taru a gefen yamma, Bar Beach da ke gabas ta shiga zaizayewa shekara da shekaru. Wani abin mamaki, igiyar da samarin Tarkwa Bay, gaɓar da ke bakin tashar, suke hawa yau albarkacin waɗannan katangu ce. Haka aka yi a Ostireliya: a 2001 aka fara tura yashi da famfo ta ƙetaren bakin kogin Tweed, aka samu doguwar igiyar da ake kira Superbank, amma yawan yashin ya binne ta Kirra da ke kusa. Saboda haka ba kowane gini ne yake kashe igiya ba. Sai dai a waɗannan misalai biyu, dace ne aka yi, ba wanda ya zana hakan a takarda.

To me ya kamata mutanen gari su nema? Kafin komai, awo tun ba a sa dutse ko ɗaya ba. A auna zurfin tudun da na'urar amsa-kuwwa sau da yawa, a kowane yanayi na shekara, har tsawon shekara biyu in da hali, da kuma bayan kowace babbar guguwa. A kafa kyamara a wuri ɗaya mai tudu tana ɗaukar hoto kullum, don a fitar da wurin karyewa da kusurwarta. A sa na'ura a ruwa mai ƙirga tsayin igiya da tazararta da inda ta fito. In babu wannan, ranar da igiya ta lalace ba wanda zai iya rabe laifin yasa da na guguwa, kuma mai kuɗin lauya ne zai yi nasara.

Sannan a duba rahoton tasirin aiki ga muhalli da idon basira. Sau da yawa yana magana ne kan zaizayar gaɓa da kifi da lafiyar jirage, ya kawo matsakaicin tsayin igiya ya ce bai sauya ba. Tsayi yana iya zama yadda yake alhali kusurwa ta mutu. A tambayi mai lissafin kwamfuta girman ɗakunan da ya rarraba taswirar ƙasan ruwan zuwa cikinsu don yin lissafi: idan kowane ɗaki mita 50 ne, tudun ma ba zai fito sosai ba, ana bukatar 'yan mitoci kaɗan. A rubuta cikin takardar izini cewa tsabtataccen yashin da aka yashe za a mayar da shi inda ruwa zai kai shi kan tudun, da yawan da aka yarda a kwasa a shekara, da iyakar sauyin da in an kai ta dole a dakatar da aiki.

Doka ma tana taimakawa idan an riga masu gini. New Zealand ta lissafa wuraren hawan igiya 17 cikin manufarta ta gaɓar teku ta 2010, har da Whangamata, shekara guda bayan buɗe tashar. Peru ta yi dokar kare igiyoyi tun 2000, amma sai 2016 aka yi wa ta farko rajista, wato Chicama, kuma kafin a karɓi kowace igiya cikin rajistar sai an gabatar da taswirar ƙasan ruwanta.