Kawu, me ke kashe mini kifayen teku a Garwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu, ya zafi? Ni ɗan kasuwa ne a unguwar Yelwa, nan Garwa. Watan jiya na je Duwala saro kaya, na ga kifin nan mai launin lemu da ratsin fari uku, wanda yara ke kira Nemo. 'Yata ta daɗe tana damuna a kansa. Na sayi akwatin gilashi mai cin lita 60, da injin tace ruwa, da buhun gishirin teku. Na haɗa ruwa ranar Asabar, ranar Talata kifi huɗu suka iso, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga can a mota. Kwana huɗun farko lafiya lau, muna ba su abinci sau uku a rana. Rana ta biyar ɗaya ya daina ci, ya koma saman ruwa yana haki, da safe ya mutu. Bayan kwana biyu wani ya bi shi. Sai na kwashe ruwan duka, na wanke soson injin tas da ruwan famfo, na haɗa sabo. Jiya na uku ya mutu. Ruwan kuwa garau, kamar a sha. Maiɗakina ta ce baki ne, don maƙwabta sun yi ta shigowa kallo. Ni kuma mai shagon nake zargi. Saura ɗaya. In sayo wasu ne?

AMSA

Wa'alaikumus salam, ɗana. Zafi kam da sauƙi, Allah ya mayar maka da alheri. Kada ka sayo ko ɗaya yanzu. Ka kuma ba maiɗakinka haƙuri, maƙwabta ba su da hannu. Mai shagon ma, laifinsa ɗaya na gani a wasiƙarka: ya karɓi kuɗin akwati da na kifi a mako guda bai ce maka ka dakata ba.

Daga Asabar zuwa Talata kwana uku ke nan. A nan matsalar take. Kifi yana fitar da wani sinadari mai dafi da ake kira amoniya ta matsefin numfashinsa da ke gefen kai, kashinsa da ragowar abinci su ma in sun ruɓe amoniya suke zama. A teku wannan ba komai ba ne, ruwa ya yi yawa. A lita 60 kuwa kullum taruwa take yi, kuma ba ta da launi, shi ya sa kake ganin ruwanka garau. Masu kwashe ta wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, bakteriya masu amfani, da ke manne a jikin soso da duwatsu da yashi. Wani rukuni yana juya amoniya ta zama naitirait, wani kuma ya juya wannan ta zama naitiret, wadda kifi ke iya jurewa in ba ta yi yawa ba. Sabon akwati ba shi da su. Kafin su hayayyafa su isa aiki sai an yi mako huɗu zuwa shida. Kai kuma ka zuba baki huɗu, kana ciyar da su sau uku, a ruwan da babu mai shara ko ɗaya. Rana ta biyar da ka ambata, daidai lokacin da dafin ke kai wa wuya ke nan.

Na san abin da za ka ce, don ni ma na faɗa a zamanina: ai muna zuba tarwada a sabon kwami ta rayu. Tarwada daban ce, tana da hanyar shaƙar iska daga sama, kuma jurewarta ta wuce misali. Bayan haka ruwan teku yana da alkali, a ma'aunin pH, mai auna tsami ko alkalin ruwa, yana wajen 8.1 zuwa 8.4, ruwan kwami kuwa sau da yawa yana kusa da 7. Duk hawa ɗaya a wannan ma'auni yana ninka ɓangaren amoniya mai dafi kusan sau goma. Zafi ma yana ƙara shi. Adadin da tarwada ba za ta ko yi tari a kansa ba, shi ne zai ƙone wa kifin teku matsefi. In gawar na ukun tana nan, ka ɗaga murfin matsefin ka duba. In ka ga ya yi ja jawur ko ya kumbura, ga shaidarka.

Wankin soson nan ne ya fi ba ni takaici, ko da yake da kyakkyawar niyya ka yi. 'Yan bakteriyar da suka fara kamawa a mako na farko, ruwan famfo mai kulorin ya gama da su. Ka mayar da akwatin ranar farko, ga kuma sauyin ruwa gaba ɗaya lokaci guda, wanda shi kansa yana girgiza kifi. Daga yau soso a ruwan da ka ɗebo daga akwatin ake ɗauraye shi, a matse sau biyu a mayar. Ba wankin kwano ba ne.

To, wanda ya rage fa? Ka nemi kwalaben gwajin ruwa, na amoniya da na naitirait, waɗanda ake ɗiga magani a ga launi. Sai dai a aiko maka daga Duwala ko Yawunde. Kafin su iso ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum ko bayan kwana ɗaya, da ruwan da ka haɗa tun jiya ya kwana a bokiti mai tsabta, zafinsa da gishirinsa daidai da na akwatin. Abinci sau ɗaya a rana, ɗan abin da zai cinye a minti guda. Ka hana 'yarka ƙara masa a ɓoye, na san halin yara. Ka sa dutsen iska mai fitar da kumfa. Idan gwaji ya nuna sifili a amoniya, sifili a naitirait, har tsawon mako guda, akwatinka ya isa ɗaukar kifi. Da a ce babu kifi a ciki, da sai in ce ka jefa ɗan guntun jatan lande ya ruɓe, ka bar injin yana aiki, ka jira amoniya ta hau ta sauka da kanta. Haka ake yi tun farko.

Yanzu maganar garinmu. Kifin nan ɗan tekun Indiya da Fasifik ne, wajen Indunusiya da Filifin da arewacin Ostireliya, a akwati kuma so yake ruwa ya zauna tsakanin digiri 24 da 27 ba ya tsalle. Garwa kuwa a Maris da Afrilu zafi yana haura 40. Shekarun baya ina da akwati a falo, ya yi wata takwas lafiya, kifi biyu har sun san tafiyata. Wata rana a Afrilu wuta ta ɗauke tun hantsi, ni kuma ina Lagdo wajen masu kamun kifi. Na dawo bayan la'asar na tsoma yatsa, ruwan ɗumi kamar na alwalar tsoho. Ma'auni ya nuna 33. Biyun suna kwance a kan yashi, bakinsu a buɗe. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, ruwan gishiri kuma dama bai kai ruwan daɗi riƙewa ba, ga injin ya tsaya. Tun ranar ba na barin akwati ba tare da ƙaramin famfon iska mai batir ba. Ka saya kafin ka sayi fitilar ado.

Ka sa ma'aunin zafi a ruwan, ka duba da asuba da kuma azahar. In ya wuce 28, ka ɗage murfi ka kunna ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Dabarar randa ce, busasshiyar iskarmu tana ɗauke zafi tare da tururi, za ka iya samun ragin digiri biyu ko uku. In abin ya ƙi, gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe da kyau, ka bar ta tana yawo a ciki. Kada ka zuba ƙanƙarar kai tsaye. Sai dai ka rufe saman da raga, don kifin nan yana tsalle.

Fanka tana da nata sharrin. Ruwa yana tafiya, gishiri yana zama, kamar yadda ake yi a ramukan gishirin Bilma. Mutane da yawa in sun ga ruwa ya ragu sai su cika da ruwan gishiri, a haka akwatin ke ƙara ɗaci har kifi ya gaza. Ka manna ɗan salatif a jikin gilashin daidai inda ruwan yake, kullum ka cika zuwa wurin da ruwan daɗi zalla. Ruwan gishiri sai a madadin wanda ka kwasa da hannunka. Ba ka faɗa mini yadda ka auna gishirin ba, kuma ina jin da ido ka yi. Ruwan teku gram 35 ne a kowace lita, wato lita 60 za ta ci kusan kilo biyu, a ma'aunin nauyin ruwa kuma ka nemi 1.025. Na gode Allah da ka sayi na musamman. Akwai wanda ya taɓa tambayata ko gishirin miya zai yi. Ba zai yi ba, babu sauran sinadaran teku a cikinsa. Ruwan haɗin ma ya fi kyau ya zama tataccen da aka cire wa komai. In na famfo ne dole, a kashe kulorin ɗinsa da magani tukuna.

Abu ɗaya da bai kamata ka manta ba: maganin sauro. Feshin da muke yi da magariba, da igiyar leƙo, yawancinsu dafi ne mai ƙarfi ga kifi, kuma famfon iska yana zuƙo hayaƙin ya tura cikin ruwa. Ɗakin da akwati yake ba a feshi a cikinsa. A yi gidan sauro.

Ban wanke mai shagon gaba ɗaya ba. Akwai wata cuta, Brooklynella, da ta fi kama irin wannan kifi, musamman wanda aka kamo daga teku. Alamarta farin yauƙi da ke saɓulewa daga jiki kamar fatar da ta ƙone, da haki, kuma tana kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wata kuma fararen ɗigo ne kamar an yayyafa gishiri. Ba ka ambaci ko ɗaya ba, shi ya sa na fi karkata ga ruwa. In ka ga yauƙin a jikin wanda ya rage, ka nemi likitan dabbobi, don da fomalin ake maganinta, wani sinadari mai guba, kuma ba abin wasa ba ne a gida mai yara. Kada ka zuba kowane magani a akwatin kan zato.

Idan lokacin ƙari ya zo, ɗaya za ka ƙara, ƙarami, ba uku ba. Kifin nan dukansu a jinsin maza suke tasowa, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, na biyu ya zama mijinta, sauran kuma duka kawai suke sha. A lita 60 babu wurin gudu. Ka tambayi wanda aka haifa a akwati, ya fi juriya. Kuma kada wani ya sayar maka da furen tekun nan mai harbi da suke fakewa a ciki, suna rayuwa lafiya babu shi, shi kuma a sabon ruwa mutuwa zai yi ya ɓata maka komai.

Ka jira sanyin Nuwamba ko Disamba kafin a sako maka shi, kada ya yi kwana a ledar roba cikin motar Ngaundare a tsakiyar bazara. In ya iso, ka bar ledar a ɗaure tana yawo a saman ruwan minti ashirin, zafi ya daidaita. Da ka kwance kada ka ɓata lokaci, don amoniyar da ta taru a hanya tana ƙara dafi da zarar iska ta shiga. Ka ciro kifin, ruwan ledar kuma ka zubar a waje.

Ka rubuto mini bayan mako biyu da lambobi huɗu: amoniya, naitirait, nauyin gishiri, da zafin ruwan da azahar. A gaishe mini da 'yar.