Ɗan wasan jami'a zai iya fasa shiga NBA ya koma makaranta?

Malam, kan tambayarka ko ɗan ƙwallon kwando na jami'a a Amurka zai iya janye sunansa daga zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, gasar ƙwararru ta ƙasar: eh, amma da sharaɗi. NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta ba shi kwana 10 bayan kammala gwajin 'yan wasa na Shikago a watan Mayu. Ya wuce ranar, shi ke nan, ba sauran buga wa jami'a ko da ba a ɗauke shi ba. Wakilinsa ma sai mai shaidar NCAA.

Inda yara ke tuntuɓe, gurbi 60 ne kacal a zaɓen, kuma 'yan zagayen farko 30 ne ke da tabbacin albashin shekara 2. Tun 2021 da aka halatta wa 'yan wasan jami'a karɓar kuɗin talla, da yawa sun gwammace su dawo.