Ba rawuta ce ta ci maka 6mm ba, zobe ne

Ka ce ka yanka samfur ɗinka, wato allon da injin yake bi ya fitar da siffar rami, daidai da hinjis ɗin ƙofa, tsawo 100mm cif, amma da ka bi shi da rawuta, injin fafe rami a katako, ramin ya fito 94, shine kake tambaya ko injin ne ya lalace. Toh yaro injin lafiyarsa ƙalau, lissafi ɗaya ka tsallake, nima sai da na ɓata ƙofa guda sannan ya zauna min a kai.

Zare wuta ka kifa rawutar ka duba ƙasanta. Wancan zoben ƙarfen da ka ɗaura shi ne yake gogar samfur, bakin da yake yankan yana tsakiyarsa bai taɓa samfur ɗin ba ko kaɗan, kaga kenan dole akwai rata. Zobenka 16mm ne, baki kuma 10mm, ka cire 10 daga 16 saura 6, ka raba biyu, 3mm kenan ta kowane gefe. Uku a nan uku a can, ga shidan da ka rasa. In kana son rami 100 da faɗi 30 sai ka buɗe samfur 106 da 36, kuma dan Allah ka rubuta girman zobe da na baki a jikinsa da fensir, don wata biyu in sun wuce wlh ba za ka tuna ba, kuma ranar da ka canja baki lissafin ya tashi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, sau da yawa zoben baya zama a tsakiya tsaf, yakan ɗan karkata, in kana tafiya kana jujjuya injin a hannunka sai wani gefen ya fi wani ci. Yadda ka riƙe shi a farko haka za ka kai ƙarshe. In kuma baki mai boris ka samu, wato mai ɗan gargare a jikinsa da yake bin samfur maimakon zobe, babu wannan lissafin, boris da baki girmansu ɗaya, samfur zai zama daidai girman aikin. Kusurwa dai a zagaye za ta fito ko da wanne, sai ka gyara da kurfi.

Shi samfur ka ba shi lokaci fiye da aikin kansa, ka yi shi da allon MDF ko filawud mai kyau, ka goge bakinsa da samfefa har yatsa ya bi bai ji tudu ba, don rawuta bata da hankali, ɗan ƙullin da ka bari sai ta kwafe shi a ƙofa goma. Kaurin samfur ɗin dole ya fi tsinin zoben, in ba haka ba zoben zai riƙa jan katako. Ka matse shi da kilam biyu, kar ka ce za ka danne da hannu.

A cikin rami ka bi yadda hannun agogo ke tafiya, a gefen waje kuma akasin haka, in ka juya za ka ji injin yana fizgar hannunka yana gudu da kansa. Ramin hinjis bashi da zurfi, tafiya ɗaya ta isa, amma na makulli ka riƙa sauka kamar 3 zuwa 5mm, in ka ji ƙauri ko ka ga baƙi a katako ko ka cika jinkiri ne ko bakin ya dakushe.

Sake sabon samfur ka gwada a guntun katako tukuna, gobe ka zo min da guntun da hinjis ɗin a zaune a ciki in gani kafin ka taɓa ƙofar mutane.